Injin Shara na Jikin Gini a Wani Gida a Gombe

Gidan da wannan nazari ya shafa yana wata sabuwar unguwa a gefen Tumfure, a hanyar fita daga Gombe zuwa Bauchi. Gida ne na ƙasa mai ɗakunan kwana biyar, da falo biyu, da kicin, da sito, kuma an raba shi yadda aka saba raba gidajenmu, wato sashen maigida da baƙinsa daban, sashen iyali daban. Ni na kula da ginin tun daga tushe har aka tare, na kuma ci gaba da leƙa gidan bayan tarewar, don haka abin da zan kawo a nan ko dai na gan shi da idona, ko na ji shi daga bakin mutanen gidan. Abin da ya bambanta shi da sauran gidajen da na yi aiki a kansu shi ne an binne masa bututun shara a ƙarƙashin daɓe, aka haɗa su da inji guda ɗaya da ke kafe a sito, ta yadda mai shara ba ya jan inji daga ɗaki zuwa ɗaki, sai dai ya ɗauki dogon tiyo ya soka a wata kafa da ke jikin bango, ƙurar ta bi ta cikin ginin ta fice.

Maganar ta taso ne saboda rashin lafiya. Maigidan yana da 'ya mai fama da asma, kuma duk shekara idan hunturu ya kama, daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen tsakiyar Maris, ciwon kan tasar mata har a kwana a asibiti. Ƙurar wannan lokaci ta sha bamban da wadda ƙafa ke shigowa da ita daga layi. Iskar arewa maso gabas ce ke ɗauko ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda busasshen gindin wani tsohon tafki ne, kuma ana lissafa shi cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Laushinta kamar na garin fulawa ne, tana kurɗawa ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga ko da an rufe su, ta kwanta a kan kafet da labule da katifa. A kan wannan sai a ƙara yashin garin Gombe kansa, domin ƙasar wurin rairayi ce, layin gidan kuma bai samu kwalta ba.

Tsintsiya tana kwashe yashi sarai, amma ƙura mai laushi tayar da ita kawai take yi, ta yi shawagi a ɗaki na tsawon lokaci sannan ta sake kwantawa, kuma yayyafa ruwa da ake yi a tsakar gida ba ya yiwuwa a kan kafet. A gidan hayar da suke zaune kafin ginin, iyalin sun gwada ƙaramin injin shara na hannu, sai uwargidan ta lura cewa da an kunna shi yarinyar take fara tari. Dalilin a fili yake: duk iskar da irin wannan inji ya zuƙa, a cikin ɗakin yake sake hura ta, kuma idan filtarsa ba mai kyau ba ce, ko jikinsa yana yoyon iska, ƙurar da ta fi laushi, wadda ita ce ke isa can cikin huhu, takan wuce ta dawo. Injin jikin gini yana iya fitar da iskarsa waje gaba ɗaya, kuma wannan ita ce fa'idar da ta sa na goyi bayan aikin. Sauran abubuwan da masu talla ke ambata, irin su rashin ƙara a cikin ɗaki da ƙarfin zuƙa, gaskiya ne, amma da su kaɗai ne ba zan ba wa kowa shawarar ya fasa bangonsa ba.

Yadda tsarin yake

Inji ne mai moto da fanka, da bokitin tara shara a ƙasansa, ana kafe shi a bango nesa da ɗakunan zama. Daga jikinsa bututun roba mai faɗin inci 2, wato kimanin milimita 50, yake tashi ya ratsa gidan, ya yi rassa zuwa kafofin da aka sa a bango, kowace da murfinta mai rufe kansa. Wata siririyar waya mai ɗauke da wutar da ba ta wuce volt 12 ko 24 ba tana bin bututun, ita ce ke kunna injin idan aka soka tiyo ko aka danna maɓallin da ke hannunsa. Tiyon yawanci mita 9 ne. An san irin wannan tsari a manyan gidajen Amurka tun farkon ƙarni na 20, kuma zuwan bututun PVC mai araha ne ya sa ya yaɗu, musamman a Kanada da Amurka da wasu ƙasashen Turai. Kamfanonin da suka yi suna a kansa sun haɗa da Beam da ya samo asali a Amurka, da Cyclo Vac da Drainvac na Kanada, da Aertecnica da Sistem Air na Italiya.

A nan ne matsalar farko take. A Amurka da Kanada yawancin gidaje na katako ne, bangonsu yana da fili a ciki, don haka ma'aikaci yana iya zura bututu a tsohon gida ba tare da wata ɓarna ba. Mu da bulo da siminti muke gini. Idan an riga an yi filasta, an shimfiɗa tayil, an ɗaura silin, to kowace mita ta bututu sai an sassaƙe mata hanya, kuma sassaƙar da za ta ɗauki bututun milimita 50 tana cinye kaso mai yawa na kaurin bulo inci shida. Saboda haka a irin gininmu lokacin yanke shawara gajere ne ƙwarai, yana tsakanin cike tushe da zuba kankaren daɓe. Sa'ar wannan gida ita ce maigidan ya kawo maganar ana tsakiyar ciko.

Bututu kafin daɓe

Hanya biyu ce a gabanmu, ko dai babban bututun ya bi ta cikin silin ya riƙa saukowa, ko ya bi ta ƙarƙashin daɓe ya riƙa hawowa. Ta silin ta fi sauƙin gyara idan wani abu ya faru, amma na ƙi ta. Kowace kafa za ta buƙaci a sassaƙe bango tun daga sama har kusa da ƙasa, a kuma ci karo da linta, wadda ba a taɓawa. Ban da haka, sharar Gombe rabinta yashi ne mai nauyi, kuma tilasta masa ya hau kusan mita uku kafin ya kama hanya yana rage ƙarfin zuƙa, wani ma ya zubo ya taru a bayan murfi da an kashe inji. Ga kuma zafin ƙarƙashin kwanon rufi a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin gari kan kusanci digiri 40 a inuwa, wanda ke sa siririn bututun roba ya yi laushi ya lanƙwasa a duk inda ba a tallafe shi sosai ba. Ta ƙasa kuwa, bututun zai hau bango da abin da bai kai rabin mita ba, daidai tsayin soket. Haɗarinta shi ne duk abin da aka binne an binne ke nan, don haka dole aikin ya yi kyau tun karon farko.

Mai aikin famfon da muka ɗauka gwani ne a sana'arsa, kuma tambayarsa ta farko mai ma'ana ce: me zai hana a sayi bututun ruwa inci biyu a kasuwa a huta? Amsar ita ce awon bututun shara da na ruwa ba lallai ya zo daidai ba, kuma ko da an samu wanda ya shiga, gwiwoyin aikin famfo suna da kaifin kwana da ɗan tudu a ciki, a daidai inda bututu ya haɗu da gwiwa. Ruwa ba ya damuwa da wannan tudu, amma gashi da zare da tsinke nan suke maƙalewa. An ƙera kayan haɗin shara ne ta yadda cikinsu zai zama sumul daga farko har ƙarshe. Don haka aka yi odar bututu da gwiwoyi da kafofi a tare, daga wuri ɗaya, aka kawo su ta Legas, tare da ƙarin 'yan gwiwoyi saboda ko wata za ta fashe.

Akwai wata ƙa'ida a aikin da na tsaya a kanta ba sassauci. Gwiwar da ke bayan kowace kafa dole ta zama mai gajeren kwana, sauran gwiwoyin da ke cikin ƙasa kuma duka masu dogon kwana. Hikimar ita ce duk wani dogon abu, kamar biro ko tsinken tsire, ya maƙale tun a bakin kafa inda hannu zai kai, abin da ya iya wuce wannan matsatsiyar gwiwa kuwa ba zai tsaya a masu faɗin kwana ba. Haka nan kowane reshe yana haɗuwa da babban bututu ne a karkace, yana fuskantar inda iska ta nufa. Wajen yanka ma akwai kula, domin zarto yana barin ɓarɓashin roba a bakin bututu, sai an kankare shi an goge, sannan a shafa gam a jikin bututun kaɗai, kada a shafa a cikin gwiwa, don abin da ya yi rara ya fito waje maimakon ya taru a ciki ya daskare. Wayar kunnawa kuma muka zura ta cikin nata siririn bututun wayarin, saboda gara da danshi.

Wuraren kafofi da igiya muka fitar da su. Na yanko igiya mita 8, na rage mita guda daga tsawon tiyo saboda zagaye kujeru da gadaje, muka riƙe bakinta a inda muke tunani, yaro ya ja ɗaya bakin zuwa kowace kusurwa. A lissafin awo kawai kafa uku sun isa gidan. Amma gidan Bahaushe ba awo kaɗai ke raba shi ba, domin idan kafa ɗaya ce za ta yi wa falon maigida da barandar iyali aiki, to sai an bar ƙofar tsakani a buɗe tiyo ya ratsa, ko da akwai baƙi maza a falo. Sai muka ba sashen maigida tasa kafar, suka zama huɗu, aka ƙara wata ta musamman a ƙasan kabad ɗin kicin wadda ake buɗewa da ƙafa a tura mata shara da tsintsiya. Na kuma roƙi maigidan ya kawo uwargida ta ga wuraren kafin a sassaƙa, kuma zuwanta ya yi amfani. Da ta ga alamar alli a bangon barandar ɗakinta sai ta ce, "Injiniya, nan fa firiza za ta zauna, idan ka sa a nan ka binne kuɗin Alhaji a banza." Aka matsar da alamar zuwa gefen ƙofa, inda ba mai ajiye kaya. Duka kafofin huɗu a bangon bulo inci tara aka sa su, nesa da ginshiƙai.

Kafin zuba kankare muka toshe duk bakunan, muka haɗa aron injin hannu a ƙarshen bututun, muka bi kowace gaɓa muna saurare muna kuma kara tafin hannu. Bayan an tabbatar babu yoyo aka lulluɓe bututun da yashi mai laushi, aka ɗauki hotonsa da tef ɗin awo a shimfiɗe a gefensa, aka kuma zana taswirarsa. Aka jera katako a kan layin saboda leburori masu baro. Duk da haka, da muka maimaita gwajin da safiyar ranar zubi, sai muka ji wani siririn fito a tsakiyar babban falo. Da aka tone yashin sai ga tsaga mai tsawon ɗan yatsa, inda tayar baro ta zame daga kan katako. An yanke wurin an sa sabon guntu cikin ɗan lokaci kaɗan. Da an zuba kankare a kansa, da injin ya yi ta zuƙar ƙasar ciko muddin ransa, ruwan damina kuma ya samu hanyar shiga, ba tare da kowa ya san inda matsalar take ba. Mun kuma bar murfin da ake murɗawa a buɗe a wuri biyu, ɗaya a inda bututun ya hau sito, ɗaya a ƙarshen baranda, don a samu ta inda za a zura waya idan an samu toshewa.

Inji da wuta

Ƙanin maigidan da ke zaune a Amurka ya yi tayin aiko da inji kyauta, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutum ya mayar da kyautar ɗan'uwansa. Na ce masa, "Alhaji, a yi masa godiya, amma a roƙe shi ya duba lambar wutar da ke jiki kafin ya saya." Yawancin injinan gida na can an yi su ne don volt 120, mu kuma wutarmu volt 230 ce. Ana iya sa taransifoma mai rage wuta, amma wadda za ta ɗauki moto mai cin wat 1,500 babba ce, tana zafi, kuma ranar da wani ya manta ya jona injin kai tsaye shi ke nan. Aka tsaya a kan samfurin da aka yi wa kasuwar Turai, mai wat 1,600. A wajen tara shara kuma aka guji mai amfani da jakar takarda, domin jakar ba a samunta a Gombe, kuma injin da sai an yi odar jaka daga waje kafin ya yi aiki, ƙarshensa ajiyewa. Aka ɗauki mai bokiti da filtar ƙyalle da ake iya kakkaɓewa.

Sayen injin bai zo da wuri ba. An shimfiɗa bututun kafin cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, daga nan kuma darajar naira ta faɗi, dalar da ake canzawa wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,400 a farkon 2024. Kuɗin da aka ware wa inji ya tafi wajen rufi da tayil. Iyalin suka tare da kafofin a rufe, suka ci hunturu guda da tsintsiya, sannan aka sayi injin. Wannan jinkiri bai ɓata komai ba, hasali ma ya kare injin daga ƙurar siminti da ta farar ƙasar silin, wadda ke toshe filta nan take ta kuma lalata moto, domin da yana nan lokacin kammala aiki da wuya a hana ma'aikata share gidan da shi. Ya kuma nuna cewa bututun, wanda shi ne ɓangare mafi araha, shi kaɗai ne ba ya jira.

An kafe injin a siton da ke ɓangaren inuwa, aka buɗe masa tagar iska sama da ƙasa, aka kuma ƙi haɗa shi da ɗakin janareto saboda zafi da hayaƙi, tunda da iskar ɗakin moton yake huce kansa. Bututun fitar da iska muka sa masa salansa, muka fitar da shi ta bangon kudu maso yamma, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, sai ta kwashe abin da ya fito ta yi nesa da gidan. Mun tabbatar ba ya kallon taga, ko igiyar shanya, ko katangar maƙwabci. Bakinsa yana da murfi mai lilo saboda ƙadangare da ɓera, duk da cewa wannan bai hana zanzaro gina ɗakinsa a ciki ba a lokacin da iyalin suka yi doguwar tafiya, abin da ya sa yanzu ake leƙa wurin duk wata.

Moto mai wat 1,600 yana jan kimanin amfiya 7, kuma a daidai lokacin tashi yana fizgar fiye da haka, don haka aka ja masa layinsa shi kaɗai da birekarsa. Cin wutarsa ba shi ne abin tsoro ba. Sharar rabin awa tana cin yunit 0.8, a wata guda yunit 24, wanda ko a farashin naira 225 da aka sanya wa rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awoyi, a Afrilun 2024 bai wuce naira 5,400 ba. Abin dubawa shi ne inda wutar za ta fito idan babu ta layi. Ƙaramin janareto ba zai tayar da shi ba, inbatar gidan mai kVA 5 kuwa tana ɗaukarsa, amma idan aka yi shara da asuba daga batirin da ya kwana yana aiki, sai ya ƙarasa zuƙe shi. Wannan ya taɓa al'adar gidan kai tsaye, domin uwargidan ta tashi a gidan da ba a barin rana ta fito ba a yi shara ba. Maslahar da suka cimma ita ce a share tsakar gida da ƙofar gida da tsintsiya da sassafe kamar kullum, sharar ɗakuna kuma a bari sai hantsi ya ɗaga, lokacin da sola ke kawo wuta sosai, yarinyar kuma tana makaranta.

Bayan an fara amfani

Littafin injin ya ce a zubar da bokiti sau biyu zuwa huɗu a shekara. An rubuta wannan ne don ƙasashen da ba su san hazo ba. A wannan gida, da hunturu, ƙarfin zuƙa kan fara raguwa bayan mako biyu zuwa uku, tun bokitin bai kai rabi ba, saboda ƙurar ta liƙe ƙofofin filtar. Maigadi ne ke wannan aiki, da takunkumi a fuska, a bayan gida, yana juye bokitin cikin leda ya ɗaure bakinta kafin ya kakkaɓe filtar. Da damina kuwa akan yi wata biyu ba a taɓa shi ba.

Toshewar farko ta zo ne daga abin da masu ƙera injin ba su yi tunaninsa ba, wato karyayyun tsinkayen tsintsiya. Suna da tsawo, amma suna lanƙwasa, don haka sukan wuce gajeriyar gwiwar da aka sa don tare dogayen abubuwa. Wasu suka gicciye a mahaɗar reshen ɗakin yara, zaren kitso da gashi suka naɗe su, sai aka wayi gari kafa ɗaya ba ta ja, sauran kuma lafiya lau. Wannan bambanci shi ya nuna mana cewa matsalar tana cikin reshen, ba ta kai babban bututu ba. Muka kashe injin, muka kafa injin hannu a bakin kafar ya ja ta baya, muna toshewa muna saki, har dunƙulen ya fito, girmansa bai wuce lemon tsami ba. Tun daga nan ake tsince tsinke da hannu kafin a soka tiyo.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba, kuma ina ganin duk gidan Hausawa da zai sa irin wannan inji ya kamata a fara da shi wajen koyarwa. 'Yar aikin gidan ta ga toka ta zube a gefen kaskon turaren wuta, ta ɗauka ta huce, sai ta zuƙe ta. Ashe akwai ɗan garwashi a ciki, iskar bututun ta hura shi ya sake ruruwa, ya faɗa cikin bokitin da ke cike da gashi da auduga da takarda. Allah ya kiyaye, ƙaurin ya kai hancin maigadi da wuri, ya kashe bireka ya sauke bokitin. Filtar ta huje, aka yi makonni injin yana zaune kafin wata ta iso. Ba na ganin laifin yarinyar, domin ba wanda ya taɓa gaya mata, kuma wanda ke riƙe da tiyo a ɗaki ba ya ganin abin da ke faruwa a sito. Yanzu dokar gidan a bayyane take: ba a zuƙar toka ko da ta kwana, ba a zuƙar ruwa ko wani abu mai danshi, domin ƙura da ruwa a cikin bututu laka suke zama. An kuma rataye abin kashe gobara a ƙofar siton.

Da damina wata tsawa ta ƙona ƙaramar taransifomar da ke ba wayar kunnawa wuta. Babu wakilin kamfanin a kusa, amma wani mai gyaran talabijin ya buɗe allon ya gane abin, ya sa wata mai awo ɗaya, aka ƙara na'urar kariya daga hauhawar wuta a layin.

Ƙorafin da bai ƙare ba shi ne na tiyo. Mita 9 na tiyo yana da nauyi, yana gogar kusurwar bango da ƙafar kujera, naɗe shi kuma aiki ne, har ta kai idan abu kaɗan ya zube ba mai ɗauko shi, sai a koma ga tsintsiya. An ɗinka masa rigar yadi don kare fenti, aka kuma sayi na biyu don kowane sashe ya riƙe nasa. Kafar kicin kuwa, wadda aka ƙara a ƙarshe ba da wani dogon tunani ba, ita ce aka fi amfani da ita a gidan. Haka kuma injin bai ɗauke gugar tayil da ruwa ba, bai kuma hana ƙura shigowa ba. Hasali ma iskar da yake fitarwa waje, kusan lita 50 a daƙiƙa guda, dole wata ta maye gurbinta, kuma ta gefen tagogi da ƙofofi take shigowa da nata hazon. Wannan ya sa aka bi tagogin ɗakin yarinyar aka liƙe gefensu da roba, aka sa wa ƙofarta tsumman tare iska a ƙasa.

Game da lafiyar yarinyar, mahaifiyarta ta ce tashin ciwon ya ragu ƙwarai, kuma hunturun da ya wuce ba su kwana a asibiti ba. Na yi farin ciki da jin haka matuƙa, amma ba zan jingina shi duka ga injin ba, domin a lokaci guda an cire kafet da labule mai kauri daga ɗakinta, an daina turaren wuta a sashen da take kwana, tana kuma shan maganin da likitanta ya ɗora ta a kai ba fashi. Akwai wani ƙaramin bincike da aka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 2001, wanda ya nuna sauƙi ga masu murar da ƙurar gida ke tayarwa bayan sun koma amfani da irin wannan inji, sai dai mutanen da aka gwada kaɗan ne, kuma ba a kan asma aka yi shi ba. Abin da zan iya tsayawa a kansa shi ne wanda kowa zai gani da idonsa: idan ana shara a falon da hantsi, hasken da ke ratsowa ta taga ba ya cika da ƙura kamar yadda yake yi idan da tsintsiya ake yi.

Wani maƙwabcin gidan, wanda ya riga ya gama nasa ginin har da tayil da silin, ya nemi in yi masa irin wannan aiki. Na duba gidan, na ga yawancin bangayen cikinsa bulo inci shida ne, na ba shi shawarar ya bari, ya sayi injin hannu mai filtar HEPA, wadda ke tare ƙura mai laushi, da jiki mai rufuwa sosai, ya kuma kashe sauran kuɗin wajen gyara tagoginsa. Shi kuwa maigidan da muke magana a kansa, ya ajiye filta guda da burushin kabon na cikin moto na canji, tunda su ne ke cinyewa da aiki, taswirar bututun kuma tana cikin fayil ɗaya da takardun filin, don kada wani ma'aikaci ya zo nan gaba ya huda daɓe a kan layin. A bana yana shirin ƙara ɗaki biyu a bayan gida, kuma mun riga mun auna cewa za a iya tsawaita babban bututun daga murfin ƙarshen baranda, muddin jimillar tsawonsa da gwiwoyinsa ba ta wuce abin da littafin injin ya ƙayyade ba.